Fashin baƙi: Me ya dawo da ƙaramar kyamara, kuma wacce ta cancanci kuɗinka?

Wai mutumin da yake riƙe da waya mai kyamara uku a baya, me zai yi da wata 'yar ƙaramar kyamara ta daban? Wannan tambayar ce ake ta ja-in-ja a kanta tun da aka fara ganin 'yan mata da samari a Abuja suna zuwa wajen kamu da dina da 'yar kyamara rataye a wuyan hannu, irin wadda iyayenmu suka jefa cikin durowa tun shekaru goma sha da suka wuce. Wasu sun ce yayi ne kawai na TikTok, kuɗi ne ya yi wa yara yawa. Wasu kuma sun rantse cewa hoton kyamara daban yake, waya ba za ta taɓa kamo shi ba. Kowane ɓangare yana da 'yar gaskiyarsa, amma a tsakiyar wannan musun ne mutane suke asarar kuɗi, domin da yawa suna zuwa kasuwar Banex a Abuja ko su shiga shafin saye da sayarwa na Jiji ba tare da sun san abin da suke nema ba, abin da suka sani kawai shi ne "irin ta wance nake so".

Wai wace kyamara ake magana a kai?

Ba irin ta masu ɗaukar hoton biki ba ce, wadda ake cire mata lens a sa wani, mai nauyi da jaka guda. Wannan ƙarama ce da take shiga aljihu ko jakar hannu, lens ɗinta a haɗe yake da jikinta ba ya cirewa, in ka kunna ya fito waje in ka kashe ya koma ciki, kuma an yi ta ne don ka saita ka danna kawai, ita za ta yi lissafin haske da komai. Su Canon IXUS da PowerShot, Sony Cyber-shot, Nikon Coolpix, Panasonic Lumix, Fujifilm FinePix, duk 'yan gidan ne.

Sai dai fa sunan ɗaya ne amma kayan ba ɗaya ba. A cikin wannan sunan akwai wadda kuɗinta bai kai na ƙaramar Tecno ba, akwai kuma Fujifilm X100VI da ta fito a 2024 a kan dala 1,599. Duk "ƙaramar kyamara" ake ce musu.

Yadda ta mutu da yadda ta farfaɗo

A wajen 2010 kasuwar ta kai ƙololuwa. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, wato CIPA, sun nuna a wannan shekarar an fitar da irin waɗannan ƙananan sama da miliyan 100. Zuwa 2023 adadin bai kai miliyan 2 ba. Waya ce ta cinye su, ba wani abu ba. iPhone ta fito a 2007, Android ta biyo baya, mutane suka ga ai ga kyamara nan a aljihu kullum kuma hoton yana tafiya WhatsApp nan take ba sai an nemi kwamfuta ba. Casio ta bar harkar a 2018, Samsung ma ta janye, Olympus ta sayar da ɓangarenta na kyamara wanda yanzu ake kira OM System. Waɗanda suka rage, su Canon da Sony da Nikon, suka karkata ga manyan kyamarori masu tsada inda ribar take.

To sai ga shi bayan korona matasa a Amurka da Turai da Japan sun fara tono tsofaffin kyamarorin gidajensu suna ɗora hotunan a Instagram da TikTok, hoto mai filash ɗau, fuska tana sheƙi baya ya yi duhu, har da kwanan wata a gefe. Abin ya zama yayi. Matsalar ita ce masu so sun ƙaru amma masu ƙerawa sun riga sun rufe layukansu, saboda haka kaya ya yi ƙaranci, har ta kai Canon G7 X Mark III da ta fito a 2019 a kan dala 749 ana sayar da ta hannu fiye da farashin sabuwa. Mu kuma a nan sai abin ya haɗe mana biyu, tunda a watan Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a 2024, kuma babu kyamarar da ake ƙerawa a Najeriya, duk da dala ake shigo da su, sabuwa ce ko tokumbo. Shi ya sa in mai shago ya faɗa maka farashi ka ji kamar zagi ne, ba duka laifinsa ba ne, ko da yake wasunsu ma suna ɗora nasu don sun ga ido ya rufe.

Kamfanonin sun fara waiwayowa kaɗan-kaɗan. Panasonic ta sanar da Lumix TZ99 a ƙarshen 2024, Canon ta fitar da PowerShot V1 a 2025. Amma har yanzu yawancin abin da ke yawo a kasuwarmu na hannu ne.

Megafiksel: inda aka fi yi wa mutane wayo

Tambayar farko da kusan kowa yake yi a shago ita ce "megafiksel nawa ce?" kuma ita ce tambayar da ta fi rashin amfani. Megafiksel adadin ɗigo-ɗigon da suka haɗu suka yi hoton ne kawai, miliyan ɗaya shi ne megafiksel ɗaya. Talabijin ɗin 4K da ake ta kuri da shi kusan megafiksel 8 ne. Hoton da za ka ɗora a Instagram ko ka tura a WhatsApp matse shi ake yi ya koma ƙasa da haka sosai. Ke nan kyamara mai 10 ko 12 ta ishe ka har ka wanke hoto ka sa a firam a falo.

Abin da ya kamata a tambaya shi ne girman sensa, wato 'yar farantin da take cikin kyamarar a bayan lens wadda haske yake sauka a kanta ya zama hoto. Ka ɗauke ta kamar fili ne. Mai gidan haya a Mararaba zai iya yanka fili ɗaya ya fitar da ɗaki goma, wani ya matsa ya fitar da ashirin a wannan filin dai, ɗakunan sun ƙaru amma kowanne tagarsa ta ƙanƙance, iska da haske sun ragu. Haka cusa megafiksel da yawa a kan ƙaramar sensa yake, da rana ba za ka gane ba, amma da magariba ta yi sai hoton ya cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi.

Girma uku ne za ka fi cin karo da su. Akwai wadda ake rubutawa 1/2.3, faɗinta kusan milimita 6 da 4 da rabi, ita ce a cikin kusan duk tsofaffin IXUS da Coolpix da Cyber-shot masu araha da kuma masu dogon zum. Akwai mai inci 1, milimita 13.2 da 8.8, ta ninka waccan kusan sau huɗu, ita ce a Sony RX100 da aka fara a 2012, da Canon G7 X, da Sony ZV-1. Sai APS-C wadda ta ninka mai inci 1 kusan sau uku, irin ta manyan kyamarori ce aka matse a ƙaramin jiki, ita ce a Ricoh GR III da Fujifilm X100.

Ga abin da masu shago ba za su gaya maka ba: babbar kyamarar bayan manyan iPhone ko Samsung masu tsada na yanzu, sensarta ta fi 1/2.3 girma. Kuma wayar ba hoto ɗaya take ɗauka ba, in ka danna tana ɗaukar da yawa cikin ƙiftawar ido ta haɗe su ta gyara. Saboda haka duk wanda ya sayi tsohuwar Coolpix ta 2009 yana tsammanin za ta fi wayarsa fitar da hoto tas, musamman da dare ba filash, wallahi zai sha mamaki.

Sannan a kiyayi waɗannan sababbin marasa suna da suka cika shagunan intanet, masu rubutun "4K 48MP" ko "64MP" ɓaro-ɓaro a kwali da araha kamar kyauta. Yawancinsu ƙaramar sensa ce a ciki, manhaja ce take buɗa hoton ta ƙirga shi da yawa, lens ɗin ma ba ya motsi. Wayar da ke hannunka ta fi su nesa ba kusa ba.

To me kyamara take yi da waya ba ta iyawa?

Abu na farko zum na gaskiya. Zum iri biyu ne, akwai wanda gilasan lens suke motsawa da kansu su jawo abu kusa ba tare da hoton ya lalace ba, akwai kuma na dijital wanda yanke tsakiyar hoton kawai ake yi a buɗa shi. In ka sa yatsu biyu ka ja a yawancin wayoyi na biyun kake yi, shi ya sa fuskar ango daga bayan hol take komawa kamar zanen fenti. Manyan wayoyi masu tsada suna da lens na nesa, amma yawanci sau 3 ne ko 5, wasu 10. Lumix TZ99 tana da sau 30, Canon SX740 HS tana da sau 40, kuma duk suna shiga aljihun kaftani. Mai zuwa kallon hawan sallah a Zariya ko Kano, ko uban da yake son ɗaukar ɗansa a fareti daga can inda aka tsayar da iyaye, wannan shi ne amfanin da zai gani da idonsa. In za ka duba kwali, lambar zum na gilashi za ka nema, kar ka kula da ta dijital ko da sun rubuta sau 200.

Na biyu filash, kuma a ganina shi ne ainihin sirrin wannan yayin gaba ɗaya. Abin da ke bayan waya fitilar LED ce, tocila ce dai a taƙaice. Na kyamara kuwa bututun zenon ne da yake tartsatsa haske mai ƙarfi cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ka lura da kyau a wajen kamu da dare, hol ɗin fitilu shuɗi da ja suna ta juyawa, ƙawayen amarya sun taru ana liƙi kowa yana motsi. Hoton waya zai fito da hannaye a shafe, leshi ya rasa zanensa, fuskoki an goge su sumul kamar na roba. Na kyamara kuwa filash ɗin ya daskarar da komai a wuri ɗaya, duwatsun jikin leshin suna ƙyalli ɗaya bayan ɗaya, lallen hannu ya fito da zanensa, ɗaurin ɗankwali da inuwarsa, har kuɗin da aka watsa ka gan shi tsaye a iska, bayan kuma ya yi duhu sai mutanen kawai. Wannan kamannin ne ake bi. Amma fa ƙarfinsa mita uku ne zuwa huɗu, in ka tsaya nesa ba abin da zai yi maka.

Za ka ji wasu suna cewa sai mai tsohon nau'in sensa da ake kira CCD, wai ita ce take ba da kala irin ta da. Gaskiya ne yawancin na kafin 2010 CCD ne kafin sabon nau'in CMOS ya karɓe kasuwa, amma ni ban yarda a ƙara wa mutum kuɗi saboda haruffa uku ba. Yawancin abin da ido yake gani a hotunan nan aikin filash ne da kuma rashin gyare-gyaren da waya take yi.

Na uku ba na fasaha ba ne. Kyamara ba ta ringin, ba a turo mata saƙo, ba ta cinye cajin wayarka a ranar da ba wuta, kuma za ka iya miƙa wa ƙaninka ya yi ta ɗauka a wajen suna ba tare da ka ba shi wayar da bankinka yake ciki ba.

Wacce ta dace da wa

Wanda abin da yake so shi ne wancan hoton filash na biki da fita da ƙawaye, tsohuwar IXUS ko Cyber-shot ko Lumix ta tsakanin 2008 da 2014 ta ishe shi, kar ya kashe kuɗin G7 X a kan abin da ƙaramar za ta yi masa. In kuma yana tsoron ta hannu, akwai Kodak PixPro FZ45 da FZ55 sababbi, ba wani abin a zo a gani ba ne hotonsu amma suna da zum na gilashi da filash na gaske, kuma FZ45 batirin AA take ci, irin wanda za ka samu a kowane kiyos.

Wanda yake son hoton da zai fi na waya da gaske, ko mai sayar da atamfa da turare da yake son kalar kaya ta fito daidai, daga mai inci 1 zai fara. A nan sai a duba wata lamba da ke rubuce a bakin lens mai harafin f, iya ƙanƙantar lambar iya yawan hasken da lens yake bari ya shiga. G7 X tana da f/1.8 zuwa 2.8, haka RX100 ta uku zuwa ta biyar, shi ya sa suke da kyau a cikin ɗaki kuma suke ɗan narkar da abin da ke bayan mutum a hoton. RX100 ta shida da ta bakwai zum ɗinsu ya fi tsawo amma daga f/2.8 suke farawa, an ba ka nisa an karɓe haske. Masu zum sau 30 kuwa in ka ja su ƙarshe suna kaiwa f/6 da wani abu, na rana ne kawai, a Millennium Park ko bakin tafkin Jabi za su burge ka, a cikin hol da dare za su ba ka haushi.

Mai bidiyo da yake magana da kyamara, Sony ZV-1 ta 2020 don shi aka yi ta, allonta yana juyowa gaba kuma tana da wajen sa makirfo. Mai aikin fili, injiniya ko mai zuwa gona, OM System TG-7 ko yayarta Olympus TG-6 suna jure ruwa har zurfin mita 15 kuma lens ɗinsu ba ya fitowa waje. Su Ricoh GR da X100 kuma a bar wa wanda hoto ya zame masa sana'a ko jaraba, ba su da zum ko kaɗan, da ƙafarka za ka matsa.

Masu cewa asarar kuɗi ce

Suna da hujja, kuma ga mutane da yawa su ne da gaskiya. In hotonka na yau da kullum na yara ne a gida da rasit da abincin da za ka sa a status, kuɗin RX100 gara ka ƙara ka canza waya. Kyamara kaya ce ta biyu da za ka riƙa tunawa ka ɗauka, ka yi mata caji daban, ka ciro hotuna daban, kuma abin da aka saba gani shi ne wata biyu na farko ana ɗoki daga nan ta koma durowar da aka ciro irinta. Sannan farashin yanzu na yayi ne, ranar da yayin ya wuce ko kamfanoni suka cika kasuwa da sababbi, wanda ya saya da tsada da niyyar sayarwa gaba shi zai kwana a ciki. Ga kuma gyara, kayan gyaran kyamarar da aka daina yi shekara goma sha biyar sai dai a ciro daga wata matacciyar.

In ta hannu za ka saya

Kar ka tura kuɗi kafin ka riƙe ta a hannu, in a intanet kuka haɗu ku haɗu a wuri mai jama'a da rana. Ka je da memorinka. Ka fara buɗe murfin batir ka leƙa, in ka ga wani fari-fari ko kore-kore kamar gishiri a kan ƙarafunan ciki, batir ya taɓa zubewa a ciki, ajiye ta. Ciro batirin ka kwantar da shi a kan gilashin kantar shagon ka juya shi da yatsa, in ya yi ta juyawa kamar katantanwa to cikinsa ya kumbura. Kunna ta ka kasa kunne, lens ya fito sumul da sauti ɗaya, ba ya tsaya a hanya ba, ba ƙarar yashi ba. Kashe ka kunna kamar sau biyar, ka ja zum har ƙarshe ka dawo da shi. Lens ɗin nan shi ne abin da ya fi mutuwa a irin waɗannan kyamarori kuma gyaransa sau da yawa ya fi kuɗin kyamarar.

Daga nan ka ja zum ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗa hoton a allo ka bi shi kusurwa-kusurwa. Tabo mai duhu da yake wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce a kan sensa, kuma tunda lens ba ya cirewa sai an kwance ta gaba ɗaya. Haska tocilar waya cikin gilashin ka duba ko akwai wani abu kamar yanar gizo-gizo, wannan fumfuna ce. Gwada filash sau uku a jere. Ka shiga menu ka tabbata akwai Turanci, don wasu Sony da aka yi wa kasuwar cikin Japan harshen Japananci kawai suke da shi kuma ba a canzawa. In mai shago ya ce "Alhaji ba caji ne, amma wallahi lafiyarta ƙalau", ka ce masa Allah ya kawo kasuwa, za ka dawo in ya yi cajin.

Memori, batir da ƙurar hunturu

Batun memori yana kama mutane sosai. Kyamarorin da suka girmi 2006 da yawansu ba sa karanta katin da ya wuce gig 2, waɗanda suka biyo baya kuma wasu a gig 32 suke tsayawa, ka sa musu 64 su ce kati ya lalace alhali lafiyarsa lau. Tsofaffin Sony suna cin katin Memory Stick, tsofaffin Olympus da Fujifilm suna cin katin xD, duka biyun an daina yayinsu kuma nemansu wahala ne, saboda haka in ba da katin aka haɗa maka ba gara ka nemi mai cin SD. Yawancin tsofaffin ba su da Wi-Fi, abin da zai cece ka shi ne ɗan abin karanta kati da ake soka wa waya, ka tabbata bakinsa irin na wayarka ne.

Batirin irin su RX100 da G7 X hoto ɗari biyu zuwa ɗari uku da wani abu yake yi a caji ɗaya, in kana yawan filash ko bidiyo bai kai haka ba, ke nan na biyu dole ne ga mai zuwa biki tun daga kamu har kai amarya. Kafin ka biya ka duba lambar batirin, misali NP-BX1 na Sony ko NB-13L na Canon, ka tambaya a shagunan Banex ko ana samunsa. Wadda take caji ta USB ta fi sauƙi a yanayin wutarmu tunda fawa bank zai yi mata.

Sai hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar da take sauka a Abuja ita ce babbar abokiyar gabar lens mai shiga da fita, duk fitowa da komawa yana iya jan ƙura ciki. A sa ta a 'yar jaka mai zif, kar a jefa ta tsirara cikin jakar hannu tare da hoda da makullai, kar kuma a goge gilashin da bakin mayafi ko hular kai, a fara hure ƙurar tukuna sannan a shafa da ƙyalle mai laushi irin na tabarau. Da damina kuma kar a bar ta a rufe cikin durowa mai danshi wata da watanni, kuma a cire batirin in za a daɗe ba a taɓa ta ba.

Wani abu da ya shafi Abuja musamman, jami'an tsaro ba sa kallon kyamara yadda suke kallon waya. Mutum zai ɗaga waya a gefen titi ba wanda ya kula, amma ka fito da abu mai lens yana zuƙowa a kusa da barikin soja ko ofishin jakadanci ko wajen Three Arms Zone, za a iya tare ka a ce ka nuna abin da ka ɗauka ko ka goge. A irin waɗannan wurare a bar ta cikin jaka har a wuce.